Tsohuwar mota mai tsatsa: a gyara ko a hakura?

Kafin kyan bodi ya rude ka, ka shiga karkashinta da tocila da sukudireba, don matsalar tana can ne. Tsatsar da ke saman fenti ba komai ba ce, ana kankarewa a sake fesawa, amma in ka danna shasi ko inda sufirin ke rike da bodi ka ji karfen yana burmawa, to gaskiya aikin ya zama na walda mai yawa kuma shi ne ke cinye kudi fiye da inji ma. Ka daga kafet ka duba kasa, duba cikin but, da bayan tayoyi inda laka ke makalewa. Ka tafi da maganadisu ka bi jikin kofofi, duk inda ya ki kamawa an cike rami ne aka rufe da fenti.

Inji kuma ka sa sifana ka gwada juya shi, in ya juya akwai fata. Bakin mai da ya koma kamar madara alama ce ruwa ya shiga.

Sai batun kayan gyara, Volkswagen Beetle da aka ci gaba da kerawa har 2003 ko Mercedes W123 za ka samu kayansu, amma motar da ba a kera da yawa ba gilashi daya ma sai ya tsayar maka da aiki. Kuma don Allah lambar shasi ta dace da ta takardu kafin ka biya, in ba ta dace ba ka bar ta kawai.