Kafin ka dogara da littattafan tarihin sarakunan Rumawa

'Yan'uwa masu nazarin Daular Rumawa ta Gabas, ku fara da gyara lissafin shekara, don a nan aka fi tuntuɓe. Marubutansu daga halittar duniya suke ƙirga, kuma shekararsu 1 ga Satumba take kamawa. Idan abin ya faru tsakanin Janairu da Agusta, ku cire 5508 daga shekarar da suka rubuta don ku samu ta Miladiyya; daga Satumba zuwa Disamba kuwa 5509. Amma Tiyofanis, wanda ya rubuta tarihin 284 zuwa 813, lissafin Iskandariya ya bi, saboda haka 5492 ko 5493 za ku cire. A wasu wurare ma yakan zame da shekara ɗaya, sai ku gwada da zagayen haraji na shekara 15 da yake ambata.

Sannan ku binciki wanda ya sa aka rubuta. Tarihin da aka tsara a fadar Sarki Kustantin na 7 ya mai da Sarki Mika'ilu na 3 mashayi, domin kakan Kustantin, Basil na 1, shi ne ya sa aka kashe Mika'ilu a 867 ya hau gado. Ku haɗa da na Simiyon Logotet, wanda bai yi wa Basil sassauci ba.

Yaƙe-yaƙen Rumawa da Musulmi kuwa, ku ajiye littafin Ɗabari, malamin tarihi Musulmi, kusa da ku kuna kwatantawa.