Kurakuran da ma'aurata ke yi a ranar ƙarshe ta yawon buɗe ido a Paris

Yawancin wahalar da miji da mata ke sha a ranar da za su bar Paris daga lissafi ɗaya take fitowa: suna ɗaukarta cikakkiyar rana, alhali jirgi ya riga ya cinye rabinta. Idan jirginku zai tashi da ƙarfe 7 na yamma, ana son ku kasance a filin jirgi tun ƙarfe 4. Filin Charles de Gaulle yana da nisan kimanin kilomita 25 daga birni, jirgin ƙasa na RER B kuma yakan ɗauki wajen rabin awa daga tashar Gare du Nord, ban da komawa otal ɗaukar kaya da jan akwati a matattakalar tasha. In aka cire waɗannan, yawonku ya ƙare da ƙarfe 2 na rana. Gyaran shi ne a fara lissafi daga lokacin tashin jirgi a dawo baya, sannan a ga abin da zai shiga ragowar safiyar.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne ajiye babban wuri sai ranar ƙarshe. Gidan tarihi na Louvre ba ya buɗewa ranar Talata, Musée d'Orsay da fadar Versailles kuwa ranar Litinin suke hutu, kuma wanda ya tarar da ƙofa a rufe a ranar tafiyarsa ba shi da gobe. Ko da a buɗe suke, Louvre da hasumiyar Eiffel wurare ne da ake yankan tikitinsu ta intanet da lokaci ƙayyadadde, wanda ya zo haka kawai yana iya ƙarar da safiyarsa a layi. Versailles ma tana wajen birni, zuwa da dawowa kaɗai sun isa su sa hankalin mutum ya koma kan agogo. Irin waɗannan wurare a tsakiyar hutu ya kamata a gama da su.

A ganina abin da ya dace da wannan safiya unguwa ɗaya ce da za a taka da ƙafa, wadda aka yi shawara a kanta tun daren jiya, domin gardamar "ina za mu?" a bakin otal tana cin lokaci, tana kuma ɓata rai. Ana iya farawa daga cocin Notre-Dame, wanda gobara ta ci a watan Afrilun 2019 aka sake buɗe shi a Disamban 2024, kuma shigarsa kyauta ce. Daga nan a tsallaka kogin Seine a gangara zuwa lambun Jardin des Plantes. Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, yana dab da lambun, ga wurin alwala da salla, ga ɗakin shan shayin na'a-na'a a gefensa, don haka mai son ya sallaci azahar kafin ya kama hanya ya huta da neman wuri. Masu niyyar maƙala kwado a gadar Pont des Arts don tabbatar da soyayya su bar kuɗinsu a aljihu, domin hukumar birnin ta kwashe kwadunan a 2015, bayan nauyinsu ya karya wani sashe na shingen gadar.

Akwati ma yana da nasa rikicin. Galibin otal-otal suna son a bar ɗaki da ƙarfe 11 ko 12, sai ka ga mutum biyu suna jan manyan akwatuna a kan titin duwatsu, su isa gidan tarihi a hana su shiga da su. Hasumiyar Eiffel ba ta da ma'ajiyar kaya sam. A roƙi otal ya ajiye kayan bayan an miƙa mabuɗi, ko a kai su ma'ajiyar tashar Gare du Nord, wadda take kan hanyar filin jirgi.

Sai maganar tsaraba, inda asarar kuɗi ta fi yawa. Ana cikin haɗa kaya ne uwargida za ta ce, "Maigida, ba mu fa sayi turaren Hajiya ba," sai a bazama kantuna a gurguje, wataƙila ma ranar Lahadi, lokacin da ƙananan shaguna da dama suke rufe. Baƙon da ba mazaunin Tarayyar Turai ba ne yana da damar a mayar masa da wani kaso na harajin kashi 20 cikin 100 da ke kan yawancin kaya, muddin ya yi sayayyar da ta haura Yuro 100 a kanti ɗaya. Amma sai ya nuna fasfonsa a kantin ya nemi takardar détaxe, rasit kaɗai ba ya wadatarwa. A filin jirgi ana nuna lambar takardar ga na'urar PABLO, kuma ana yin haka ne kafin a miƙa akwati a awo, saboda jami'in kwastan yana iya cewa a nuna masa kayan. Mutane da yawa sai akwatin ya wuce suke tunawa. Turaren kansa, idan kwalbar ta fi mililita 100, a cikin akwatin awo ake sa shi, in ba haka ba a wurin bincike za a rabu da shi.

Game da abinci, gidajen cin abinci da yawa daga ƙarfe 12 zuwa 2 suke ba da na rana, kuma ba a gaggawa a teburin Faransawa. A zauna da wuri, a nemi takardar biya da baki, domin ma'aikacin ba zai kawo ta ba sai an tambaya.

A wannan rana fasfo biyu da ragowar kuɗi duk suna jikinku, masu yankan aljihu kuma sun san matafiyin da gajiya ta kama. A ƙasan tudun Montmartre akwai masu kama hannun mutum su ɗaura masa zare sannan su nemi kuɗi, a kusa da Eiffel akwai masu miƙo takarda wai a sa hannu don taimakon nakasassu, abokinsu na lalube jaka ta baya. Kada a tara komai a jaka ɗaya: kowa ya riƙe fasfonsa a aljihun ciki, a raba kuɗin gida biyu.

Tun da safe a sake duba tikiti a tabbatar da filin da za a tashi, domin ban da Charles de Gaulle akwai Orly a kudu, wanda layi na 14 na metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya isa tun 2024, akwai kuma Beauvais mai nisan fiye da kilomita 80. Tikitin metro na yau da kullum ba ya kai mutum filin jirgi, akwai na musamman, kuma masu duba tikiti suna cin tara nan take. Tasi mai lasisi tana da ƙayyadadden farashi tsakanin birni da filayen Charles de Gaulle da Orly, saboda haka babu ciniki da wanda ya tare ku yana tallan mota. A kuma leƙa shafin RATP ko SNCF, kamfanonin da ke gudanar da jiragen ƙasa, a daren da ya gabata, domin yajin aiki da gyaran layi sukan tsayar da RER B. Mai bizar Schengen, wato bizar shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, ya ƙirga kwanakinsa da kyau: ranar shiga da ranar fita duk suna cikin adadin da aka rubuta masa, jirgin da ya kuɓuce a daren ƙarshe kuwa yana iya jefa shi cikin laifin wuce wa'adi.