Firet 20 ko 24: Kurakuran Masu Koyon Silaf a Gitar Bas

Samarin da ke koyon bas a Zariya, na coci-cocin Sabon Gari da Wusasa ne ko ɗaliban da ke haɗa ƙungiya a Samaru, da hannu ya ɗan faɗa sai hankali ya koma kan silaf, wato dukan waya da babban yatsa da fizgo ta da manuniya, salon da Larry Graham ya fito da shi a Amurka a ƙarshen shekarun 1960. Daga nan sai gardamar yawan firet, wato ƙarafan nan da aka jera a gicciye a kan wuyan gita, ta tashi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton mai firet 24 ya fi mai 20, don haka silaf ma zai fi daɗi a kansa. Ƙarin nan sautuka huɗu ne kacal na can sama a kowace waya, kuma mai silaf ba kasafai yake hawa can ba. Fender Jazz Bass da ya fito a 1960 firet 20 gare shi, irinsa Marcus Miller yake kaɗawa. StingRay na 1976, wanda Louis Johnson ya yi suna da shi, 21 ne. Victor Wooten kuwa mai 24 yake riƙewa. Duka ukun gwanayen silaf ne.

Abin da yawan firet yake canzawa shi ne filin da hannun dama yake aiki. A bas na yau da kullum, tsawon waya daga kan wuya zuwa jakin da ta kwanta a kai inci 34 ne. Firet na 20 yana wajen inci 10.7 daga jaki, na 24 kuma inci 8.5. Wato wuyan ya ƙara shigowa cikin jikin gita da fiye da inci biyu, kusan faɗin yatsu uku, ya cinye wurin da manuniya take shiga ƙarƙashin waya, tsakanin ƙarshen wuya da fikof na gaba, wato na'urar da take ɗaukar sautin wayoyi daga ƙarƙashinsu, wadda ta fi kusa da wuya.

A nan ne wanda ya saba da mai 20 yake shan wahala in aka miƙa masa mai 24. Sai ya ajiye hannu inda ya saba, manuniya ta faɗo a kan katakon wuya, farce yana karta, waya ta ƙi kamuwa, ya ce gitar ba ta da kyau. Ɗan'uwa, ja hannunka baya kaɗan, babban yatsa ya riƙa sauka a kan firet na ƙarshe, manuniya ta sami ramin da ya rage. Za ka ji waya ta ɗan ƙara tauri don ka matso kusa da jaki, sautin ma ya fi tsukewa. Kada ka biya wannan da ƙarfin damtse. Daga wuyan hannu dukan yake fitowa, kuma yatsan ya taɓa ya tashi nan take kamar yadda sandar kalangu ba ta kwana a kan fata. Kan manuniya kaɗai za ka sa, ba gaɓa guda ba.

Wanda ya taso daga 24 zuwa 20 nasa kuskuren akasin haka ne. Fili ya yi masa yawa, sai ya zurma yatsa ya fizgo waya da ƙarfi. Sauti ya fashe, wayar G, wadda ta fi siranta, ta tsinke ana tsakiyar waƙa.

Akwai wata dabara da take ba ni takaici ƙwarai: a ɗaga wayoyi sama wai don yatsa ya sami wuri. Ƙarar silaf daga karon waya da ƙarfen firet take fitowa, in ka nisanta su ka kashe ta, hannun hagu kuma ya gaji a banza. Tazarar wajen milimita biyu a firet na 12 mafari ne mai kyau. In fikof na gaba ne ya tsare maka hanya, sassauta shi ƙasa kaɗan da sukurdireba. Ka kuma tuna da hunturunmu. Katako yana bushewa, wuya ya motsa, gitar da ta zauna daidai a damina ta fara zuza ko ta yi tauri a watan Janairu. Sandar ƙarfen da ke cikin wuya ake murɗawa, kwata ɗin zagaye a lokaci guda, a jira a gani. In ba ka taɓa yi ba, kai wa wanda ya iya.

Wasu kuma firet suke zargi alhali wayoyi ne suka mutu da ƙura da gumi. Silaf yana son wayoyi masu kaushi, sababbi ko masu tsabta. Goge su da busasshen ƙyalle duk bayan kiɗa.

In saye za ka yi, sabo ne ko na hannu, kada ka yanke shawara da hoto a WhatsApp. Rataya gitar yadda kake tsayawa da ita, ka doki wayar E mai kauri, ka fizgo sirara biyun, D da G, ka duba ko manuniyarka tana shiga tana fita ba tare da ta bugi fikof ba. Masu ƙera mai 24 sun bambanta a inda suke dasa fikof, wani ya bar fili wadatacce, wani kuma ya manna shi dab da wuya.