Farin rubutu a kan gurbin darma: kurakuran da na gaji da gani kafin a tura fanel masana'anta

A watan nan kaɗai samari uku suka kawo mini zanen fanel, wato allon da ake liƙa kayan lantarki a kai, in duba musu kafin su tura Chaina a buga, ɗaya daga Agege, biyu daga cikin masu gyara a Computer Village da ke Ikeja. Layukan wuta sun tafi daidai, lissafi ba laifi. Amma da na kunna shafin farin rubutu tare da na koren fenti a kwamfuta, sai ga cuta ɗaya a wajen duka ukun: rubutu ya hau gurbin darma, wato wurin da ake liƙa ƙafar kaya da darma. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Koren fentin da ke rufe fanel ba ado ba ne. Shi ke hana darma kama inda ba a so, shi ke kare jan ƙarfe daga damshi, kuma wanda ya yi damina ɗaya a Legas ya san abin da damshi ke yi wa jan ƙarfe. Farin rubutu kuwa tawada ce da ake bugawa a kan fentin, don a san ina risista R1, ina kafasita C3, ina ƙafa ta ɗaya ta kowane kaya. Darma ba ta kama tawadar nan. Idan ta sauka a gurbin da aka bari a buɗe don liƙi, ɗayan biyu ne: ko masana'anta ta buga ta yadda ka aiko, gurbin ya ƙi shan darma, ko su yanke duk abin da ya hau gurbin. Yawancinsu yankewa suke yi, ba sallama ba tambaya.

Yankewar nan ce ta ci ni.

Shekarun baya wani Alhaji mai rumfunan cajin waya ya ba ni aikin ƙananan fanel na kula da cajin batir daga sola. Wurin ya matse, sai na tura alamar + ta babbar kafasita ta shiga rabin gurbinta, na ce ai za a gani. Alamar BAT+ da BAT- kuma na ɗora su a kan faffaɗan layin da na buɗe wa fenti don in ƙara masa darma ya ɗauki wuta da yawa, dabarar da duk mai haɗa inbata ya sani. A kwamfuta komai tsaf. Na biya da dala, na yi kusan mako uku ina jiran kaya. Da suka iso, BAT+ da BAT- babu su sam, domin duk wajen buɗaɗɗe ne. Alamar + ta kafasita kuma an gutsure ta, abin da ya rage wani ɗan gajeren layi ne a kwance, sak alamar -.

Ranar na tafi Alaba sayen kaya, na bar wa yarona aikin liƙi. Ya bi abin da ya gani a rubuce. Da na dawo muka jona na farko da batir, ba a jima ba kafasita ta kumbura ta fashe kamar an harba bindigar wasan yara, shago ya cika da wari. Na buɗe baki zan yi faɗa, ya ce, "Oga, ga mainas nan a jiki, ni shi na bi." Na ɗauki gilashin ƙara girma na duba. Gaskiyarsa. Kwana biyu muka yi muna cire kafasita ɗaya bayan ɗaya, wasu gurabun suka ɓamɓare da zafi, Alhaji kuma yana ta bugo waya. Laifin ba na yaro ba ne, ba na masu bugawa ba ne. Nawa ne.

Tun daga ranar ga abin da nake yi. A KiCad, manhajar zana fanel, wajen fitar da fayilolin Gerber da ake tura wa masana'anta, akwai wani ɗan akwati da in ka danna shi zai cire duk buɗaɗɗen wurin fenti daga farin rubutu. Kullum sai na danna. Wasu abokan sana'a suna cewa ɓata lokaci ne tunda masana'anta za ta yanke da kanta. To ai dalilin ke nan! Gara in yanke da hannuna in ga abin da ya ɓace tun yana kan allona, da in gan shi bayan na biya kuɗin jirgi. Danna akwatin ba gyara ba ne, madubi ne. In ka ga harafi ya gutsure, koma ka matsar da shi. Ni ina barin aƙalla milimita 0.15 tsakanin rubutu da bakin buɗaɗɗen wuri, in da fili 0.2, saboda bugun tawada yakan ɗan goce.

Kuma don Allah ku daina kashe gargaɗin DRC, wato binciken kurakuran zane da manhajar ke yi. Tun daga KiCad 6, wanda ya fito ƙarshen 2021, binciken yana nuna maka inda fenti zai yanke rubutu da inda rubutu ya hau rubutu. Wani yaro ya ce mini, "Malam, gargaɗin ya fi ɗari, shi ya sa na rufe shi." Kai, ɗan'uwa, in mota ta cika ƙara sai ka toshe kunne? Yawancinsu ba komai ba ne, na yarda. Amma a cikin ɗarin nan akwai guda biyu ko uku da ke kan dayod da kafasita, su ne za su ƙona maka aiki.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Shafin fenti a juye yake aiki: abin da ka zana a cikinsa shi ne inda ba za a sa fenti ba. Na ga wanda ya zana sunan shagonsa a shafin fenti yana zaton zai fito kore, sai ya fito da jan ƙarfe a tsirara, har ya ratsa layuka biyu masu wuta. Ɗigon darma ɗaya ya isa ya haɗa su. Sunan shago wurinsa shafin farin rubutu ne, can gefe inda babu gurbi babu huda.

A nan ne kuma maganar faɗin buɗa take. Ana buɗe fenti ya ɗan fi gurbi girma, galibi da milimita 0.05 kowane gefe, don ko bugu ya goce kada fenti ya hau gurbi. Yi lissafi da aisi, ɗan guntun nan mai ƙafafu da yawa, mai tazarar ƙafa milimita 0.5: gurbi 0.3, tsakani 0.2. Cire 0.05 daga nan da can, saura katangar fenti ta 0.1 tsakanin gurbi da gurbi, wanda shi ne kusan iyakar abin da masana'antu da yawa ke iya tsayarwa a kore. In ka mai da buɗar 0.1, katangar ta tafi gaba ɗaya, darma za ta riƙa tsallakawa daga ƙafa zuwa ƙafa, ka wuni da waya mai shan darma kana sharewa. Masu son baƙin fanel ko fari don ƙawa, ku sani waɗannan launukan sukan buƙaci katanga mai kauri fiye da kore. Ni kore nake yi, kowa ya ce ni ɗan da ne na ji.

Sauran ƙanana ne. Rubutun da tsayinsa bai kai milimita 1 ba, ko kaurin layinsa ya gaza 0.15, yakan fito a dagule. Rubutun bayan fanel dole ya bayyana a juye in kana kallo daga sama, in ka karanta shi daidai to a birkice zai fito. Kada ka ɗora harafi a kan ƙananan hudojin da ke haɗa sama da ƙasa, 8 sai ya koma 3. Alamar ƙafa ta ɗaya da ta dayod a sa su a wajen jikin kayan, domin in suna ƙarƙashi, da an liƙa sun ɓuya, mai gyara na gobe sai lalube. Zanen ƙafa, wato shiryayyen zanen gurabun wani kaya, da ka sauko da shi daga intanet, buɗe shi ka duba, da yawa layin jikinsu ya ratsa gurbi tun asali.

Inda wuri ya matse ƙwarai, ni goge sunayen ƙananan risista nake yi, in buga takardar jeri daban in manna a bango. Alamar + da - ce ba na taɓawa. Har ma ina mai da gurbin + mai kusurwa huɗu, na - zagayayye, yadda ko tawada ta ɓace jan ƙarfe zai faɗi gaskiya.

Kafin in tura, sai na buɗe fayilolin Gerber ɗin da kansu, na kashe komai ban da fenti da rubutu, na bi su lungu-lungu, sama da ƙasa. Sannan in buga a takarda daidai girmansa in miƙa wa yarona, wancan dai na ranar kafasita, in ce ya nuna mini ina batir zai shiga. In ya tsaya yana juya takarda, fayil ba ya fita daga shagon ranar.