Babi na Bakwai: Yadda Ake Karanta Takardar Gwajin Tayirod

Darasi na 1: Ku taɓa wuyanku

Ku ɗora yatsu biyu a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, ku haɗiyi yawu. A nan tayirod take, 'yar ƙaramar halitta mai siffar malam-buɗe-littafi. Kumburinta ne ake kira maƙoƙo. Aikinta shi ne fitar da wani sinadari mai suna T4, wanda ke saita saurin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, tafiyar abinci a ciki. Idan ta yi sanyin aiki, mutum yakan ji kasala, jin sanyi, bushewar fata, zubar gashi da taurin bayan gida.

Yanzu ku buɗe takardar. Kada yawan rubutun ya tsorata ku, layi biyu kawai muke nema: TSH da T4. A wasu takardun za ku ga FT4, wato T4 ɗin da ke yawo a sake cikin jini, shi ne wanda muke so. A gaban kowane akwai lamba ɗaya, ita ce taku. Can gefe akwai lambobi biyu da ɗan layi a tsakaninsu, su ne iyaka. Ta TSH takan kama daga wajen 0.4 zuwa 4.0, amma kowane ɗakin gwaji da tasa, don haka ku bi wadda aka buga a takardarku.

Ku lura da ɗigon. 5.2 biyar ce da 'yan kai, ba hamsin da biyu ba ce. Wata baiwar Allah ta kwana ba barci saboda ɗigon nan da ba ta gani ba.

Darasi na 2: Idan kira ya yi ƙarfi

A nan kusan kowa ke tuntuɓe, to mu tafi a hankali. Ba tayirod ce ke fitar da TSH ba. Wata halitta ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke aiko shi, kuma kira ne: "Tayirod, tashi ki yi aiki." Idan ka kira yaro ya amsa nan take, ba ka ɗaga murya. Idan ya yi biris, sai ka ƙwala. Haka TSH yake. In ya hau, tayirod ce ke jan ƙafa.

Ku faɗa tare da ni: TSH sama, aiki ƙasa.

Ku sake. TSH sama, aiki ƙasa. Madalla.

Ga tambaya. Takarda ta ce TSH 6.1, iyaka kuma 0.4 zuwa 4.0. Tayirod ɗin sauri take yi ko sanyi? Wanda ya ce sauri, ba laifi, ido ne ya ga babbar lamba ya ruɗe. Koma kan yaron nan. Me ya sa aka ɗaga murya? Don bai amsa ba. To sanyi take yi. Ku ɗauki fensir, ku zana kibiya mai kallon sama kusa da TSH, ku rubuta "sanyi" a gefenta. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, kibiyar kaɗai ta isa.

Ga wata: TSH 7.5. Sama ko ƙasa? Sama. Aiki fa? Ƙasa. Yawwa, kun fara kamawa.

Haba jama'a, har yanzu ina jin wani yana cewa "tayirod ɗina ta yi yawa" alhali TSH yake nunawa. Sau nawa muka faɗa? In kuka faɗa wa likita haka, kun juya masa zancen kacokan. TSH sama, aiki ƙasa.

Darasi na 3: "Kana kan iyaka"

Idan TSH ya ɗan haura iyaka, T4 kuma yana cikin tasa, shi ne ake ce wa mutum yana kan iyaka. An ɗaga murya, yaron kuma ya amsa, aiki na tafiya. Shi ya sa likita kan ce a sake gwaji bayan wata 2 zuwa 3. Ba wulakanci ba ne. TSH yakan motsa da lokacin yini, yakan hau bayan an tashi daga ciwo, yakan kuma ɗan ƙaru da tsufa. Mutane da dama, in aka sake, sai a ga lambar ta koma daidai.

Galibi ana fara magani idan TSH ya kai 10 ko fiye a gwaji biyu. Ƙasa da haka, likita zai duba alamunku, shekarunku, wani lokaci da gwajin TPO, mai nuna ko garkuwar jiki ce ke faɗa da tayirod. Mai juna biyu, ko mai neman haihuwa, ta faɗa tun a zaman farko, don nata lissafin daban ne. Mai shan ƙwayar biotin don gashi shi ma ya faɗa, tana ɓata sakamako.

Darasi na 4: Ƙiba

Na san wannan ne ya kawo yawancinku. Gaskiya, ko tayirod ta yi sanyi sosai, nauyin da take ƙarawa yakan tsaya wajen kilo 2 zuwa 5, yawancinsa ruwa da gishiri ne. Na wanda ke kan iyaka bai ma kai nan ba. Gajiyarku ba ƙarya ba ce, sai dai ku nemi a duba ƙarancin jini da sukari, ku kuma faɗi yadda barcinku yake.

Masu karɓar ƙwayar tayirod a hannun ƙawa don su rame, ku daina. Tana sa bugun zuciya ya rikice, tana cin ƙashi.

Darasi na 5: Idan an rubuta magani

Sunansa levothyroxine. Da safe, ciki babu komai, da ruwa zalla, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Maganin ƙarin jini sai bayan awa 4. A sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8.

Darasi na 6: Aikin gida

Ku kwafo lambar TSH ɗinku da iyakarta a littafi, da ranar gwajin. Ku zo da fensir.