Yadda zaka gane lokacin kamun kifi a kogin da ruwan teku ke shiga yana fita

Duk wanda ya tashi a Yawuri ko Argungu ko bakin tafkin Kainji ya san ruwa da shekara yake tafiya, damina ta yi nisa farin ruwa ya zo, sanyi ya shigo baƙin ruwa ya biyo baya, rani ya yi ruwa ya ja a shiga tafkuna da koma da gora. To ɗan'uwa idan neman abinci ya kai ka kudu, irin su Kalaba da Oron da Boni da bakin Legas, ko Duwala a Kamaru ko Ada a Gana inda kogin Volta ke faɗawa teku, wannan lissafin kaɗai ba zai ishe ka ba, don can ruwa sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a kwana ɗaya, kuma wata ne ke jan sa, wannan watan dai da muke dubawa don azumi da salla. Wanda ya riƙe kwanan wata ya riƙe rabin sana'ar.

Ni sai da na kwana a taɓo na yarda da haka. Satina na farko a wani rafi kusa da Oron na shiga da kwale-kwale bayan la'asar ruwa cike har cikin saiwar itatuwa, na ɗaure jirgi ina ta jefa birgi ina samun ƙananan karfasa, ban ankara ba ruwa ya zare, kafin magariba jirgin yana zaune a kan baƙin taɓo mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, na sa ƙafa ɗaya na nutse har cinya na koma ciki. Nan na yi sallar magariba da isha a zaune, sauro da wasu ƙananan ƙudaje masu cizo kamar barkono suka yi ta aiki a jikina, sai tsakar dare ruwa ya dawo ya ɗaga jirgin, kifin kuma ya riga ya fara canza wari. Shi ya sa nake rubuta wannan, kada wani ya sha irin wannan wahalar.

Mataki na farko: ka ba ruwan kwana uku kana kallonsa kawai

Kada ka jefa komai tukuna. Samu doguwar sanda ka kafa a bakin ruwa inda zaka riƙa gani, ruwa ya kai ƙarshen cikarsa ka yi alama ka duba agogon wayarka ka rubuta, ya kai ƙarshen janyewa ka sake rubutawa. Zaka ga tsakanin cika da cika awa 12 ne da kamar minti 25, wato shigowa kamar awa shida fita kamar awa shida, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Idan yau ya cika ƙarfe 6 na safe gobe sai wajen 7 saura minti 10, jibi 8 saura minti 20, haka zai yi ta tafiya har bayan sati biyu ya zagayo ya dawo kusan inda ya fara. Akwai manhajoji a waya masu nuna jadawalin cika da janyewa, sojan ruwan Najeriya ma suna fitar da jadawali na shekara, amma lissafinsu na bakin teku ne ko tashar jiragen ruwa, kai kuma da kake can cikin rafi ruwan zai iso maka a makare, wani wurin rabin awa wani wurin fiye da awa guda, don haka sandarka ita ce zata gyara maka abin da waya ta faɗa.

Kuma wuri da wuri ba ɗaya ba ne. A bakin Legas bambancin cika da janyewa kamar mita ɗaya ne, ka shiga cikin lagun wajen Ikorodu ya ragu sosai, ka kai Epe da ƙyar zaka lura. Amma Kalaba yana kaiwa kusan mita 3, ya fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, wurin da ka tsaya da safe kana wanke raga da rana zai shanye ka.

Mataki na biyu: haɗa shi da kwanan wata

Nan ne mu muke da sauƙi, don mun saba da lissafin watan Musulunci. Lokacin da wata ya ɓace zai tsaya, da lokacin da ya cika 14 zuwa 15, rana da wata suna kan layi ɗaya suna jan ruwa tare, sai ruwa ya cika sosai ya kuma janye sosai, gudunsa ya yi ƙarfi. Mu kira shi babban ruwa. Mafi girmansa yakan zo kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata ko cikarsa, wato wajen 2 ga wata da kuma 16 zuwa 17. Idan wata ya kai rabi kuma, 7 zuwa 8 da 22 zuwa 23, sai ƙaramin ruwa, ya ɗan hau ya ɗan sauka babu gudu sosai. Babban ruwan watan Maris da na Satumba ya fi na sauran watanni girma, ka kiyaye inda kake ajiye kaya a bakin gaɓa a lokacin.

Wani abu mai daɗi, a wuri ɗaya ranar 1 ga wata da ranar 15 ruwa kusan lokaci ɗaya yake cika kowane wata. Idan ka lura sau ɗaya cewa a rafinku ranar 15 yana cika daidai fitowa daga sallar asuba, to shi kenan ka samu ma'auni, ƙara minti 50 kowace rana, ko wayarka ta mutu ba caji ka san inda ruwa yake.

Mataki na uku: ka bi ruwa mai tafiya

Kifin nan ruwa ne ke kawo masa abinci. Ruwa ya fara shigowa yana turo jatan lande da ƙananan kifi da 'ya'yan ƙaguwa cikin rafuka da ƙarƙashin itatuwan nan na ruwan gishiri masu saiwa a waje kamar ƙafafun gizo, manyan kifi su biyo su. Ya fara fita kuma duk abin da ya shiga dole ya fito ta bakin rafi, manyan su tsaya nan suna jira. Amma idan ruwa ya kai ƙarshe ya tsaya cak, cizon ƙugiya yakan mutu, wannan lokacin gyaran raga ne da canza wuri da cin abinci.

Gudun ruwan ma ba daidai yake ba cikin awa shidan. Awa ta farko a hankali, ta biyu ya ƙaru, ta uku da ta huɗu nan ne rabin ruwan gaba ɗaya yake wucewa, sannan ya sake lafawa. A wurin da ke hawa mita 3, awa ta farko santimita 25 kawai zai hau, ta biyu 50, ta uku da ta huɗu 75 kowacce. Abin da ya ci ni kenan ranar nan, na ga yana sauka kaɗan-kaɗan na ɗauka haka zai ci gaba.

A nawa ganin, mai fatsa ko mai ƙugiya da ƙoto ya riƙe awa biyun ƙarshe na shigowa da awa biyun farko na fita. Ƙoto kuma ka manta da tana, jatan lande ɗanye ko yankan ƙaramin kifi ko naman ƙaguwa sun fi ta aiki a ruwan gishiri. Mai birgi ya bi gefen ruwa lokacin da yake hawa kan fili, zaka ga kifin nan da Yarbawa ke ce wa atoko yana tsalle garke-garke, da karfasar ruwan gishiri da suke kira epiya, ko kuma ya jira ƙarshen janyewa lokacin da kifi ya taru a gurbin da ya rage. Mai gura, wato tarkon kifi, da mai tare bakin rafi da shinge babban ruwa ne nasa, a kafa ruwa na cike a kwashe ya janye. Mai kalli kuwa, wato ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa kifi ya maƙale, ƙaramin ruwa ya fi masa kwanciyar hankali, don gudun babban ruwa yana nannaɗe raga ya cika ta da ganye da leda da rassa, ko ya tafi da ita ɗungurungum, kuma kowa ya san kuɗin raga yanzu.

Mataki na huɗu: nemi ranar da ruwa ya haɗu da asuba ko magariba

Wannan daidai yake da gida, kifi ya fi ci da duku-duku da kuma faɗuwar rana. To idan ka duba lissafinka ka ga ruwa zai kasance yana shigowa daidai ketowar alfijir, wannan ranar kada ka yi wasa da ita, shirya ƙoto tun dare, ka yi salla ka tura jirgi. Tsakar rana da zafi ko ruwa na tafiya kifi yakan koma zurfi da inuwar saiwoyi. Da dare kuma masu kalli sun fi son duhun wata, farin wata kifi yana ganin raga yana kaucewa, sai ka ga babban ruwan 15 ga wata ya yi wa mai gura daɗi bai yi wa mai kalli ba.

Mataki na biyar: damina da rani, wato gishiri ya shigo ko ya fita

Damina a kudu doguwa ce, tun Maris ko Afrilu har Oktoba, wajen Kalaba da Fatakwal ma takan taɓa Nuwamba. A Legas cikin Agusta, daidai lokacin da mu a Arewa muke cikin marka, su ruwan sama yakan ɗan ɗauke musu sannan ya dawo a Satumba. Abin da ya shafe ka shi ne idan koguna suka kawo ruwan sama suna tura gishiri baya zuwa teku, ruwan ya yi ja ya yi daɗin sha, sai kifin da ka sani ya sauko, tarwaɗa da kurungu da musamman warushe, wanda Yarbawa ke kira obokun mutanen Kalaba kuma inaha, kifi ne mai tsada kuma damina ce kakarsa a kogin Kuros Riba. Dan Allah lokacin ne suke ɗauke da ƙwai, ka bar raga mai ƙaramin ido ka saki ƙanana, abin yana min ciwo in ga an zube 'ya'yan warushe kamar yatsa a tire ana sayarwa, alhali in an bar su sun girma kowanne zai yi kuɗi sosai.

Daga Nuwamba zuwa Afrilu koguna sun rage ƙarfi, gishiri ya hauro can ciki, ruwa ya washe, sai kifin teku ya shigo. Lokacin bonga kenan, wanda ake bandawa ake kaiwa har kasuwannin Arewa, ga kuta mai haƙora irin na tsage, ga manyan ƙaguwa masu iyo. Hanya mafi sauƙi ta gane inda kake, ɗebi ruwan ka ɗanɗana lokacin da ya cika, ka sake ɗanɗanawa lokacin da ya janye. Wata alamar ita ce kainuwar nan mai fure da ta shigo ruwan Legas ta wajen Badagiri tun 1984, ƙarshen damina takan rufe rafuka jirgi ya kasa wucewa balle raga, da gishiri ya dawo zaka ga ta yi baƙi tana mutuwa, to ka san rani ya kama a ruwa ko da sama bata nuna ba.

Ni dai in za a ba ni zaɓi makonnin canjin nan na fi so, ƙarshen damina shiga rani, ruwa ya fara washewa kifin gida bai gama tafiya ba na teku ya fara isowa. Sai dai lokacin ne da farkon damina hadari yake tasowa daga gabas ba sallama, iska ta riga ruwan sama isowa, kuma idan iska ta yi karo da ruwa mai fita a faffaɗan wuri kamar bakin Oron igiyar ruwa takan miƙe tsaye, ƙaramin kwale-kwale ba zai iya ba. Ka ga gabas ta yi baƙi naɗe kayanka ka shige rafi. Hunturu kuma hazo ne matsalarsa, da asuba ba ka ganin gaɓa ba ka ganin jirgi mai inji sai ya zo kanka, ka riƙe tocila ka sa rigar ruwa mai hana nutsewa ko ka iya iyo kamar Basarke.

Mataki na shida: kafin ka tura jirgi

Rafukan nan suna da masu su kamar yadda muke da Sarkin Ruwa a gida, ka je ka gaida shugaban masunta na wurin ka faɗi daga inda ka fito, ka tambayi inda aka hana da ranar da aka hana, kuma dattijon da zai ce maka kada ka shiga rafi kaza bayan ruwa ya juya ya fi kowace manhaja. Inda ka ga mai yana ƙyalli a kan ruwa wuce gaba, kifin wurin warin kananzir yake ba mai saye. Idan zaka taka cikin ruwa mara zurfi ja ƙafarka a ƙasa kada ka ɗaga, saboda kunamar ruwa, kifin nan mai ƙaya mai dafi a wutsiya, tana kwanciya cikin yashi.

Sai tsarin tafiyar kanta. Shiga rafi da ruwa mai shigowa ya tura ka, fito da ruwa mai fita ya dawo da kai, ka huta da tuƙi ka rage shan mai in inji ne da kai. Da zarar ka ga ganye a kan ruwa ya juya ya fara komawa wajen teku duba agogo, a ƙaramin rafi awa biyu kake da ita, kafin ta uku ta shiga jirginka ya kasance a babban kogi.