Yadda na gyara takardar shaidar 'yan kwashe kwata a Nima

Ƙungiyar matasan unguwarmu a Nima, cikin birnin Accra, ta shirya raba takardar shaida ga waɗanda suka fito kwashe kwata, aikin da muka riƙe tun 2014, lokacin da gwamnatin Gana ta ware Asabar ɗin farko ta kowane wata don tsabtace gari bayan ɓarkewar kwalara. Sakatarenmu ya miƙo min wayarsa, ya ce, "Yaya, duba min kafin mu kai wa mai buga takardu." Ya rubuta participated at the clean-up. Wani ya ce on ne, musu ya kaure.

Na ce mu raba maganar gida uku: aiki, wuri, rana. Participate, idan aiki zai biyo baya, kalmar in take ɗauka, haka ma take part in. At ta takamaiman wuri ce, kamar bakin kasuwa ko filin makaranta, amma unguwa ko gari sai in Nima, in Accra. On kuma ta rana ce. Da muka jera su sai jimlar ta zauna daram: participated in the clean-up in Nima on Saturday.

Attend da join, idan halartar taro ko shiga ƙungiya ake nufi, ba a sa musu komai: attended the meeting.

Na nace ne domin yaran nan da wannan takarda za su je neman aiki, kuma mai tantancewa layin farko yake fara dubawa. Mun buga guda ɗaya tukuna, malamin Turanci na makarantar unguwa ya sake karantawa, sannan aka buga sauran.